Zaren Leza a Aikin Tsakuwar Ƙoda: Ƙarfinsa da Wuraren da Yake Cin Amana

Idan asibiti ya sayo injin leza na fasa tsakuwar ƙoda, injin ne ke shan kallo. Shi ake ɗauka hoto, shi ake faɗin kuɗinsa, shi ake nuna wa baƙi. Amma a gefen gadon tiyata yake tsayawa. Abin da ke shiga jikin majinyaci wani siririn zare ne na gilashi, tsawonsa kimanin mita uku, kaurin ɓargonsa kuwa bai wuce silin gashi uku ko huɗu ba. Duk ƙarfin da injin ya tara, ta cikinsa yake bi kafin ya kai ga tsakuwa. In zaren na kirki ne kuma ya samu hannu na gari, sai a niƙe tsakuwa ba tare da an tsaga fata ba, majinyaci ya koma gida ran nan ko washegari. In ya karye ko ya yi yoyon haske, yana iya ƙona na'urar da ta fi shi tsada nesa ba kusa ba, ko hannun mai aiki, ko hanyar fitsarin wanda aka zo taimako.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Likitoci a Najeriya sun daɗe da lura cewa ciwon tsakuwa ya fi yawa a arewa fiye da kudu, kuma dalilin a fili yake: zafi, yawan gumi da ƙarancin shan ruwa suna sa fitsari ya yi kauri, gishirin cikinsa ya dunƙule. Yanzu da aikin leza ya fara samuwa a manyan biranenmu, ya kamata mai sayen kaya, da mai aiki da su, da wanda za a yi wa aikin, kowa ya san abin da ke rataye a kan wannan zare.

Yadda aka zo nan

A da, wanda tsakuwa ta tsaya masa ba shi da mafita sai wuƙa, a tsaga kwiɓi a ciro. A 1976 likitoci biyu a Suwidin, Fernström da Johansson, suka ciro tsakuwa ta ƙaramar huda a baya. A 1980, a birnin Munik na Jamus, aka fara farfasa ta daga wajen jiki da bugun igiyar sauti. Ita kuwa leza, wadda Theodore Maiman ya fara kunnawa a Amurka a 1960, an gwada ta a kan tsakuwa tun 1968, sai dai zafinta ya hana a kai ta jikin mutum. Wadda aka samu a shekarun 1980 ta yi aiki, amma akwai tsakuwoyi masu taurin da suka gagare ta. Sai a shekarun 1990 lezar holmiyom ta shigo. John Denstedt da abokan aikinsa a Kanada suna cikin waɗanda suka fara ba da rahoton aiki da ita, a 1995. Babu irin tsakuwar da ba ta ci, shi ya sa ta yi kusan shekara talatin tana jan ragama.

Haskenta ido ba ya ganinsa. Tsawon zangonsa kimanin nanomita 2100 ne. Babban halinsa shi ne ruwa yana shanye shi nan take, kafin ya yi tafiyar rabin milimita. A nan amincinsa yake, domin ba ya wucewa ya ƙona abin da ke nesa. A nan kuma wahalarsa take, domin dole bakin zare ya taɓa tsakuwa ko ya kusa taɓa ta. Kowane bugu yana tafasa ɗigon ruwan da ke gaban zaren, kumfar tururi ta buɗe hanya, sauran hasken ya bi ta cikinta ya dafa tsakuwa har ta ruguje. Da zaren ya ja baya da milimita ɗaya ko biyu, yawancin ƙarfin a ruwa zai ƙare.

Ginin zaren

Zaren leza ɗan'uwan zaren gilashin da ke ɗauko intanet ne, sai dai nauyin da aka ɗora masa ya fi. A tsakiya akwai ɓargo na tataccen gilashi wanda aka raba da ɗigon danshi tun wurin ƙira, domin da akwai ruwa a cikinsa da shi ma ya shanye hasken ya yi zafi. An kewaye ɓargon da wata fatar gilashi mai sinadarin fulorin, wadda aikinta mayar da haske ciki duk sa'ad da ya nemi fita. Daga nan sai shafe na kariya, sai rigar roba ta waje, sau da yawa shuɗiya, don a riƙa ganinta a allo. A gindi kuma akwai kan ƙarfe da ake ɗaurawa a bakin injin.

Wannan kan ƙarfe shi ne wurin farko da ake samun matsala. Hasken holmiyom ba ya fitowa a tsuke, saboda haka cusa shi cikin ɓargo mai siranta sai da saiti. In akwai ƙura ko maiƙon yatsa a fuskar gilashin, ko kuma zaren bai dace da injin ba, hasken da ya kauce sai ya faɗa kan ƙarfen ya ƙona shi, tarkacen ya fantsama cikin injin. Don haka ake sa wani gilashin kariya a bakin injin wanda ake canzawa in ya ƙone. Asibitin da ba ya ajiye na sauyi, aikin yini guda yana iya tsaya masa a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Siranta da kauri

Ana sayar da zare bisa faɗin ɓargonsa: maikiron 200, 272, 365, 550, har zuwa kusan 1000. Manyan na mafitsara ne da aikin huda ta baya, inda hanya take miƙe. Wanda zai hau har cikin ƙoda kuwa, ta cikin bututun kyamara mai lanƙwasa zai bi. Wannan bututu yana da rami guda, faɗinsa milimita 1.2 a yawancin na'urori, kuma ta nan zare yake shiga, ta nan ruwan wanki yake bi. Zare mai maikiron 365, in aka haɗa da fatarsa da rigarsa, yana cin kusan rabin faɗin ramin. Abin da ya ci, ruwa ne ya rasa. Ruwan nan kuwa shi ke share ƙurar tsakuwa likita ya ga gabansa, shi ne kuma ke sanyaya wurin.

Kauri yana kuma hana lanƙwasa. Kan bututun kyamara na zamani yana iya juyawa har digiri 270 in babu komai a cikinsa, amma zare mai kauri yana sandarar da shi ya rage masa juyin. Da yawa suna zaton zare mai kauri ya fi fasa tsakuwa. Gwaje-gwaje sun nuna cewa in saitin injin ɗaya ne, bambancin ba shi da yawa a tsakanin waɗanda ake amfani da su a ƙoda. Shi ya sa masu aikin suka karkata ga 200 zuwa 272.

Sai dai lambar da ke jikin kwali ba ta cika faɗin gaskiya ba. A 2014 Olivier Traxer na asibitin Tenon a Paris da Peter Kronenberg sun auna zaruruwa na kamfanoni daban-daban, suka tarar ainihin kaurinsu ya zarce abin da aka tallata, kuma zare biyu masu lamba ɗaya suna iya bambanta sosai. Mai sayen kaya ya kamata ya tambayi faɗin zaren gaba ɗaya har da rigarsa, domin shi ne zai zauna a cikin ramin.

Lanƙwasa, inda zare ke karyewa

Haske yana zama cikin ɓargo ne muddin yana bugun fatar gilashin a kwance. Da an lanƙwasa zaren sosai, sai ya riƙa bugunta a tsaye, wani ɓangare ya tsere zuwa shafen waje da rigar roba, waɗanda ba a yi su don ɗaukar wuta ba. Wurin ya yi zafi, gilashin da dama yake a matse ya tsinke, bugun da ke biye kuma ya fita ta gefe, a cikin bututun kyamara. Cikin ƙiftawar ido an huda ramin, ruwa ya shiga inda bai kamata ba, hoto ya dushe.

Bodo Knudsen da Joel Teichman da abokan aikinsu sun shafe shekaru suna gwada wannan. Rahotonsu na 2005, da na 2009 wanda ya haɗa zare iri 24, sun nuna cewa kamfani ya fi kamfani: wani zaren yana jure matsattsiyar lanƙwasa da wuta a cikinsa, wani kuwa ba ya jurewa, ko da lambarsu ɗaya. Haɗarin yana ƙaruwa in faɗin lanƙwasar ya matse zuwa kimanin santimita ɗaya, in zaren mai kauri ne, in kuma kowane bugu yana da ƙarfi.

Wurin da ake shiga wannan hali shi ne aljihun ƙasa na ƙoda, inda tsakuwa ta fi son kwanciya, kuma sai kyamara ta juyo da kanta baya kafin ta gan shi. Gogaggen likita ba ya yawan yin faɗa a can. Yakan sa ɗan kwandon waya ya ɗauko tsakuwar ya ajiye ta a aljihun sama, inda hanya take miƙe, sannan ya shigo da zare. Haka nan ba ya tura zare mai kaifin baki alhali kyamara tana lanƙwashe, domin zai karce ramin. Sai ya miƙe ta, ya zura, sannan ya sake juyawa. An ƙera zare mai dunƙulallen baki don ya wuce ta lanƙwasa ba tare da karta ba, kuma yana yi, sai dai dunƙulen yana cinyewa da zarar an fara wuta. Amfaninsa na shigar farko ne.

Bakin zare

Kowane bugu yana ɗan cin bakin zaren. Tarkacen tsakuwa yana dawowa ya daddatse shi, zafi ya fasa shi, sai ya riƙa ja da baya, haskensa kuma ya warwatse. Cin ya fi sauri a kan tsakuwa mai tauri, da bugu mai ƙarfi kuma gajere, da zare mai siranta. Dogon bugu mai sauƙi yana rage cin, yana kuma rage gudun tsakuwa, wato yadda take tsalle ta yi gaba duk sa'ad da aka buge ta.

Shekaru da yawa an koyar da cewa kafin aiki sai an feɗe rigar bakin zaren, an tsaga gilashin da abin yanka na musamman. A 2015 Kronenberg da Traxer suka gwada, suka ga zaren da aka bar masa rigarsa ya fi cin tsakuwa kuma ya fi daɗewa, sannan yanka shi da almakashin ƙarfe na ɗakin tiyata ya wadatar. Yanzu da yawa suna datse bakin lokaci-lokaci a tsakiyar aiki su ci gaba.

Saboda bakin yana ja da baya, dole ido ya zauna a kansa. A 2016 Michele Talso da abokan aikinsa suka ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa: a tura zaren har bakinsa ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin allo. A nan ya fita da kimanin milimita 3 ko fiye, kuma kumfar tururi ba za ta dawo ta bugi idon kyamara ba. In ba a ganin bakin zare a allo, ƙafa ba ta taka feda. Wannan haske yana yanke wayar da ke yi wa kyamara jagora da kwandon waya, yana kuma huda bangon magudanar fitsari in aka danna shi a kai.

Zafi da ruwa

A nan ne babbar magana take a yau. Ana saita injin da lamba biyu: ƙarfin kowane bugu, da jul, da yawan bugu a sakan. In aka ninka su sai a samu wat. Mai farfasawa zai iya sa jul 1 sau 10 a sakan, wat 10 ke nan, ya kwashe gutsattsarin da kwando. Mai niƙawa kuwa zai iya sa jul 0.3 sau 70, don tsakuwar ta zama gari ta bi fitsari. A kunne na biyun ya fi taushi, amma a lissafi wat 21 ne, ninki biyu na wancan. Kusan duk wannan ƙarfi zafi yake zama a cikin ruwa.

Cikin ƙoda kuwa ba shi da yalwa. 'Yan mililita kaɗan yake ɗauka. A ce ruwan mililita 10 ne kuma ya tsaya cik, wat 20 za su ɗaga shi daga digiri 37 na jiki zuwa 43 kafin sakan 15. Digiri 43 shi ne iyakar da masana suke lissafi daga kanta: nama yana jure minti 120 a wannan zafi kafin ya lalace, kuma kowane digiri da aka ƙara yana raba lokacin biyu. A digiri 50 abin ya koma kamar minti ɗaya, a 56 kamar sakan ɗaya. Masu bincike a Jami'ar Michigan, su Khurshid Ghani da William Roberts, sun nuna tun 2017 cewa wat 40 ba tare da isasshen ruwa ba suna haye wannan iyaka cikin ɗan lokaci. Mugun abin shi ne ƙunar ba ta nuna kanta ran nan. Sai bayan makonni ko watanni tabo ya tsuke magudanar fitsari, ƙoda ta kumbura, wani lokaci ma ba tare da ciwon da zai sa a koma asibiti ba.

Saboda haka masana da yawa suke ba da shawarar kada a wuce kimanin wat 10 a magudana, da 20 zuwa 25 a cikin ƙoda, a riƙa taka feda ana ɗagawa, kuma kada a rufe ruwa ana wuta. Sai dai ruwan ma yana da iyaka. In aka tura shi da ƙarfi babu mafita, matsi ya hau, fitsari mai ƙwayoyin cuta ya koma cikin jini, majinyaci ya tashi da zazzaɓi mai haɗari. Don haka ake gwada fitsari a yi maganin cuta kafin aiki, ake kuma sa wani bututu na waje da ke barin ruwa ya fito, na zamani har da zuƙa. A nan siririn zare yake biyan bashinsa: ya bar wa ruwa hanya, gani ya gyaru, zafi ya sauka, ba tare da an ƙara matsi ba.

Ido da fatar masu aiki

Wani nazari na 2014 da ya tattara rahotannin haɗurran leza a Amurka ya tarar kusan rabinsu lalacewar inji ne ko karyewar zare, kuma raunukan idon da aka samu daga wasu nau'o'in leza ne, babu na holmiyom. Gwajin da aka yi da idon alade a 2016 ya nuna holmiyom tana ƙona fatar ido ne in bakin zare bai wuce santimita 5 daga idon ba, kuma tabarau na yau da kullum ya tare ta. Duk da haka ƙa'ida ta ce a sa kariya. Abin da ya fi faruwa shi ne zare ya karye a waje, an taka shi ko an matse shi da ƙarfen kamu, ya ƙona mayafi ko safar hannu. Kafin a fara, ma'aikaciyar jinya takan rage fitila, ta kunna ɗan hasken saiti, ja ko kore, ta bi zaren da ido daga gindi zuwa baki. In ta ga haske yana leƙowa a tsakiya, zaren ya tsage, sai shara. Sannan ta haska bakin a kan farar auduga: da'ira mai tsafta ake so, in ya watse sai a datse. Duk kuma sa'ad da likita zai janye zare, za a ji ya ce, "Sista, a mayar da inji jira," ita kuma ta amsa bayan ta danna.

Holmiyom ko tuliyom

A 2017 kamfanin Lumenis ya fito da fasahar Moses, wadda ke raba bugu gida biyu, na farko ya buɗe kumfa, na biyu ya bi ta ciki. Daga baya lezar tuliyom ta shigo, aka fara aiki da ita a Rasha kafin ta bazu a Turai da Amurka wajen 2020. Zangon haskenta nanomita 1940 ne, ruwa yana shanye shi kusan ninki huɗu na holmiyom, kuma yana fitowa a tsuke, don haka yana shiga zare mai maikiron 150. Injin ƙarami ne, fanka ke sanyaya shi, soket na gida ya ishe shi, alhali babban injin holmiyom yana son layin wuta na musamman. Ga asibitin da ke rayuwa a kan janareta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A gwajin da aka yi wa majinyata 120 a Bergen ta ƙasar Norwe, wanda aka buga a 2022, kashi 92 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa da tuliyom sun rabu da tsakuwa, kashi 67 kuma na holmiyom. Amma ƙaramin injin holmiyom aka yi amfani da shi. Da aka gwada tuliyom da babban injin holmiyom mai fasahar Moses a Wisconsin ta Amurka, rahoton 2023 bai ga wani bambanci na a zo a gani ba. Ta fuskar zafi kuwa babu wadda ta tsira, domin wat 20 wat 20 ne ko daga wane inji ya fito. Sauƙin da tuliyom ke da shi na yin ɗaruruwan bugu a sakan ma yana iya jan mai aiki ya haye iyaka bai ankara ba.

Sabo ko maimaici

Zare iri biyu ne: na aiki ɗaya, da wanda ake wankewa a kashe masa ƙwayoyin cuta a sake. Na biyun ya fi sauƙi in aka raba kuɗinsa a kan yawan aiki, kuma a inda majinyaci ke biya daga aljihunsa, kaya kuma da dala ake shigo da su, babu mai cewa a bar shi. Sai dai kowane wanki da naɗi yana iya barin tsagar da ido ba ya gani. Wani nazari a Birtaniya a 2014 ya nuna cewa komawa ga zaren aiki ɗaya ya rage lalacewar bututun kyamara har ya biya kuɗinsa. A wurinmu gyaran na'urar ya ma fi ciwo, domin sau da yawa sai ta ƙetare teku, majinyata suna jira. Araha ba ta ado.

Maimaici yana da aminci in aka bi sharuɗɗansa: littafin da ake rubuta sau nawa aka yi aiki da kowane zare, tsayawa a adadin da kamfani ya yanke, datse duk ɓangaren da ya sha lanƙwasa, naɗi mai faɗi, duba kan ƙarfe da madubin ƙara girma, da mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin. Na aiki ɗaya kuwa ba a maimaita shi. Asibitin da ba zai iya wannan ba, gara ya sa kuɗin sabon zare cikin kuɗin aiki tun farko.

Saboda haka hukumar asibitin da ke shirin sayen leza ta fara da tambayar dillali: nawa ne zare, ko injin yana karɓar na wani kamfani ko an kulle shi a kan nasu, wa zai kawo gilashin kariya, wa zai horar da ma'aikatan jinya. Majinyaci kuma yana da haƙƙin tambaya ko leza ce ta dace da shi, tunda ƙaramar tsakuwa da ba ta kai milimita 5 ba sau da yawa tana fita da kanta, wadda ta wuce santimita 2 kuma huda ta baya ta fi kwashe ta. Ya tambayi ko an gwada fitsarinsa, ko za a bar masa roba a magudanar fitsari da ranar cire ta, da ranar da zai dawo a ɗauki hoton ƙodar. Wannan hoto na bayan aiki shi ne ke kama tsukewar magudana tun ana iya gyara ta, don haka ko ya ji garau, kada ya fasa zuwa.